Talabijin Huɗu da Idon Baba

Talabijin huɗu muka rataya a bangon falon Baba cikin shekara ɗaya da rabi, muka sauke uku, kuma wallahi babu ko ɗaya a cikinsu da ke da laifin da aka ɗora mata. Idon Baba ne yake tafiya. Ni na sani, ko in ce zuciyata ta sani tun daga ta farko, amma na ja bakina na tsuke, na yi ta jigilar kwali daga shago zuwa gida, daga gida zuwa shago, kamar ɗan dako. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ne mai riƙe da sandar. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ɗaga hannu in mari kaina.

Sai na faɗi ko wane ne Baba kafin a gane yadda ƙato da gemunsa kamar ni ya tafka wannan wauta. Mai gyaran rediyo da talabijin ne a Tudun Wada, tun zamanin masu ƙusumbi, irin waɗanda sai mutum biyu sun kama ake ɗagawa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai faci da wani tela, kullum cikin warin dalma da ƙonanniyar waya. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya sa mu a makaranta. Da talabijin na bango suka shigo, waɗannan da kowa ke kira filasma, sai gyara ya mutu a hannunsa. Su ba a yi musu gyara irin nasa, sai dai a cire wani abu a sa sabo, in kuwa gilashin ya fashe to sai juji. Ya rufe shagon ya dawo gida.

Amma wata sana'ar ta biyo shi har zaure, wadda ladanta goro ne da godiya. Ya zama idon unguwa. Duk wanda zai sayi talabijin, malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya samu ƙarin girma, sai ya zo ya yi sallama ya ce, "Malam, a taimaka a raka ni a duba min." Har daga Dutsen Abba ake turo acaɓa a ɗauke shi. In ina kusa ni nake kai shi a motata, don haka na ga aikin nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

In ka shiga shagon masu sayar da talabijin za ka tarar da su jere a bango, duk suna nuna abu ɗaya: kankana da aka yanka, furanni, tsuntsaye masu launi. An ƙure musu haske, an ƙure musu kala, kowace tana ƙyalli kamar amarya ranar kamu. Baba ko kallo ba su ishe shi ba. Sai ya ce wa mai shago, "Kashe mana wannan kwalliyar. Sa mana labarai." In mai karanta labarai ya fito, sai ya juya ga wanda ya rako.

"Dubi mutumin nan da kyau. Baƙin mutum ne cikin farar riga. Ta ƙwarai za ta nuna maka aikin da ke wuyan rigar, ta kuma nuna maka fuskarsa har da tsagen kumatu. Ta banza ba ta iya riƙe biyun. Ko rigar ta zama farin fenti, ko fuskar ta zama gawayi."

Daga nan sai ya sa a kamo tashar Makka, wadda tsofaffi ke bari a kunne wuni guda. Rigar Ka'aba baƙa ce, amma akwai rubutu saƙe a jikinta, baƙi a kan baƙi. Talabijin ta babban kamfani tana fito da rubutun nan har ka bi shi da ido. Ta ƙaramin kamfani kuwa sai ta shafe shi, ka ga baƙi kawai kamar an zuba kwalta. Sannan ya sa mai saye ya tsuguna a gefe, can ƙasa, ya kalla daga nan. "A gidanka kai kaɗai ne ke hakimcewa a kujera saitinta," in ji shi. "Mata da yara a tabarma suke, ta gefe. In hoton ya koɗe daga nan, to kai kaɗai ka saya wa." In ana ƙwallo ma yana so, don ya ga ko ƙwallon na jan wutsiya a bayanta in aka buga ta da ƙarfi.

Ya kan ce girma ɗaya, kwali iri ɗaya, yabon da aka rubuta a jikin kwalin ma iri ɗaya, amma uwa ba ɗaya ba. Fitilar da ke bayan gilashi daban, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton daban, kuma a nan kamfani ya fi kamfani. Ya yarda da suna, amma ya san ana yi wa suna ƙarya, don haka sai ya sa farce ya ɗan ƙwaƙuli tambarin da ke gaba, ko manna shi aka yi a kan jabu. In mai shago ya fara zuba yana karanto masa lambobi, sai Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Ban taɓa jin ya zaɓa wa mutum ya dawo da kuka ba. Abin da ya rage masa ke nan a duniya bayan shago ya tafi: idon nan, da girman da ake ba shi saboda shi.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne ni ɗan fari ne. A gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" nake, ko da furfura ta fara fito min. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba. In muna ɗaki ɗaya yana da magana da ni, Inna yake faɗa wa, ita kuma ta juyo ta maimaita min kamar ban ji ba. Ni ma haka nake mayar da amsa, kaina a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san ba ita ba ce. Haka muka taso muka gani, kuma ni har alfahari nake da ita.

To, shekarar da aka ƙara min girma a ofis sai na ce bari in yi wa Baba bajinta. Na tafi shagon Alhaji, wanda a hannun Baba ya koyi aiki tun yana saurayi, yanzu kuma shi ne mai babban shagon kayan wuta a layin masu sayar da talabijin. Na ce ya ba ni ta ƙwarai, wadda ba za a kushe ba. Ya ba ni 'yar Koriya, babbar gaske. Ni da kaina na gwada ta da labarai, na gwada ta da Makka, na tsuguna a gefe kamar yadda na ga ana yi. Tsaf. Ranar wata Asabar bayan la'asar aka rataya ta, aka kunna, na koma bakin ƙofa na durƙusa ina jiran albarka.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sai ya ce wa Inna, "Ki ce wa yaron nan an cuce shi. Tsakiyarta lafiya, amma gefe-gefenta duk duhu. Fitilar bayanta ba ta kai ƙarshe ba."

Na ɗaga kai na duba. Fes take, daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu ɗigon duhu. Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito shi ne, "Haka ne. Za a canzo." Da aka kira magariba ya miƙe zai fita, ya yi fatali da butar da ke gefen hagunsa, a fili take, ya kuma yi faɗa wai wa ke ajiye buta a hanya. Na lura a lokacin, ba zan yi ƙarya ba.

Na bi Inna madafa na ce mata, "Inna, don Allah ke kin ga duhun nan?"

"Ni me na sani da talabijin?" ta ce, tana juya tuwo. "Abin da Malam ya ce shi ne." Sannan ta rage murya. "Kwanan nan dai yana yawan tuntuɓe. Tsufa ne. Kai dai kada ka soma, ka san halinsa."

Wannan "kada ka soma" na ɗauka na rungume kamar an ba ni takardar izini. Ai Inna ce ta hana. Tir da ni! Inna ba ta taɓa shiga aji ba, ni kuwa da digirina, ina zaune a ofis ƙarƙashin fanka ina gyara wa mutane rubutu. Na san akwai ciwon ido da ke cin mutum a hankali ba tare da zafi ba. Amma ta ina zan fara? In dubi mutumin da duk Tudun Wada ke aron idonsa in ce masa, "Baba, idonka ne ba shi da kyau"? Ni da ko sunana bai taɓa kira ba? Na gwada haɗa maganar a raina a hanyar komawa gidana a Hanwa, ta ƙi haɗuwa.

Ranar Litinin na mayar wa Alhaji da kayansa. Ya sa aka jona ta, ya kamo farin shafi babu komai a kai, wanda in akwai duhu ko na ƙwayar gero ne sai ya fito. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya dube ni.

"Maigida ne ya ce gefenta duhu?"

"Shi ya ce."

Ya sosa ƙeya. Muka yi tsaye, manyan mutane biyu, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Sai ya ce, "To, duhu ne." Ya kira a sauko da wata 'yar Japan daga sama. Da a ranar ɗayanmu ya yi ta maza ya faɗi kalma ɗaya, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Shi yana jin nauyin maigidansa, ni ina jin kunyar ubana, muka haɗu muka rufe tsoho da ladabi.

'Yar Japan ta yi wata huɗu. Da farko ya ce da dama-dama. Daga baya ya fara cewa haskenta na zuba: duk fitilar da aka nuna a Harami sai ya ga ta yi rawani, wani zobe-zobe kewaye da ita, kuma rubutun rigar Ka'aba ya ɓace. Abin da ya sa maganarsa ke shiga kunne shi ne duk aibin da ya ambata aibi ne na gaske da ake samu a talabijin marasa kyau, shi ya koya mana su. Ba shirme yake ba, aikinsa yake yi, ma'aunin ne ya lalace. Ya tashi ya lalubi tambarin ya ƙwaƙule shi da farce har ya yi masa tabo. Bai ɓare ba, don ba manne yake ba. Duk da haka ya ce jabu ce, masu yin jabu ne suka ƙware.

A tsakanin nan ne na yi abin da ya fi komai ci min rai. Na ga ba zan iya magana ba, sai na ce bari in yi dabara. Na tsaya wajen masu baza tabarau a bakin kasuwa na sayi na karatu guda biyu, na zo na ajiye a kan teburin da yake ɗora rimot, ban ce da kowa komai ba. A tunanina in ya sa ya ga bambanci, shi da kansa zai nemi asibiti, ni kuma na fita kunya. Bayan kwana uku na zo gaisuwa, na tarar da shi cikin fara'a irin wadda na daɗe ban gani ba.

"Ki ce wa yaron nan na ga saƙonsa," ya ce wa Inna. "Ni ma abin ya ɗan taɓa raina, na ce ko idona ne. To na sa gilashin, na sa ɗayan, hoton bai canza ko kaɗan ba. Alhamdu lillahi, ashe ba ni ba ne. Kayan ne."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe shi da kansa ya fara zargi. Ashe ƙofa a buɗe take, tura ta kawai ya rage, ni kuma na zo da tabarau na bakin titi na rufe ta na sa sakata. Irin ciwon da ke idonsa babu gilashin da ke taɓa shi, amma shi bai sani ba, ni kuma da nake da damar cewa, "A'a Baba, a dai je a auna," sai na ce, "Madalla." Kalmar da na faɗa ke nan. Madalla.

Ta uku shi ya ce zai je ya zaɓa da kansa, tunda yaran zamani ba su da ido. Na kai shi. Alhaji ya taso da gudu ya durƙusa, ya kawo kujera, Baba ya ƙi zama. Aka sa labarai a duk na bangon. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsawa kusa har hancinsa na neman taɓa gilashi. Wannan duhu. Wannan hazo. Wannan ta ci fuskar mutumin. Manyan kamfanonin da shi da bakinsa ya sha yaba wa, duk ya kushe su tas. Alhaji na biye da shi yana cewa, "Gaskiya ne Maigida, kayan yanzu sai a hankali."

Can ƙarshen layi akwai wata da aka jingine a ƙasa, irin wadda sunan kamfaninta ma ba wanda ya taɓa ji. Haskenta kamar walda, kalarta na ihu, mai karanta labarai ya koma ja kamar an shafa masa manja, rigarsa kuwa farin fenti sak. Irin wadda a da ko tsayawa a gabanta ba zai yi ba. Nan ya ja birki. Ya daɗe a gabanta, sannan ya nuna ta da sanda ya ce, "Wannan ce kaɗai mai gaskiya a cikinsu."

Alhaji ya kalle ni, na kalli takalmina. A ranar babu sauran "wataƙila" a raina. Ƙarfin haskenta ne kaɗai ke iya ratsa abin da ya rage masa. Na ɗauki kwalin na sa a bayan mota, na tuƙo shi gida yana ta yi wa gilashin mota bayanin yadda manyan kamfanoni suka lalace, suna kawai suke sayarwa. Ni yake yi wa, amma ba zai juyo ya dube ni ba. Hawaye na zubo min ina tuƙi, kuma ko a lokacin ban yi magana ba. Wane irin mutum ne wannan, don Allah?

Mutum biyu ko uku ya zaɓa wa irin wannan talabijin bayan nan. Daga nan sallama ta fara raguwa a ƙofar gida, har ta ɗauke. Ba wanda ya zo ya faɗa masa dalili. Unguwa guda, kowa na gaishe shi da girmamawa, kowa ya san Malam ba ya gani sosai, kowa na jiran wani ya faɗa. Shi kuma ya ce mutane ne suka daina neman shawara, kowa ya zama gwani.

Bayan wata shida ya ce ita ma ta fara mutuwa, da ma ƙananan kamfanoni haka suke, fitilarsu ba ta daɗewa. Haskenta na nan yadda yake, har ciwon kai yake sa Inna. Na je na ɗauko ta huɗu, mafi girma da kyau a shagon, wai ko girman zai taimaka. Kamar mai zuba ruwa a kwando.

Autarmu ce ta fasa ƙwan. Tana aure a Kaduna, tana koyarwa a can, rabonta da gida ya fi shekara saboda laulayi da haihuwa. Ta zo Babbar Salla. Ita auta ai ba ta san wata kunya ba: a hannun kujerar Baba take zama, ta sa hannu a kwanonsa ta ɗauki tsoka, ya bi ta da zagin wasa. Washegarin Salla da hantsi muna falo, ina bakin ƙofa inda na saba, ya fara yi mata ƙorafin talabijin, wai dubi yadda rabin hoton ya cinye.

Ta yi dariya ta ce, "Kai Baba! Wane rabi? Wannan ai har gashin hancin mutumin ina gani."

Tana maganar tana wasa da hannu a gefen fuskarsa na hagu, dab da ido. Bai ƙifta ba. Ta sake yi. Ta daina dariya. Ta sauko daga hannun kujerar ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, rufe idonka na dama da tafin hannu." Ya ce wace irin shiririta ce wannan. Ta kama hannun nasa da kanta ta ɗora masa. "Me kake gani?"

Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. Abin da na kasa yi a shekara ɗaya da rabi, yarinyar nan ta yi shi kafin shayi ya huce.

Ta ja ni zaure. "Yaya, tun yaushe?"

Na ce tun ta farko.

"Tun ta farko! Kana zuwa gidan nan duk mako, kana kallo, kana ta sayen talabijin? Talabijin, Yaya? Kunyar me? Kunya ce za ta ja masa gora?" Tana faɗa tana kuka. Ƙanwar bayana ce ta biyar, a da ko ido ba ta haɗawa da ni in ina faɗa, amma ranar ta wanke ni tas.

Da aka koma aiki muka kai shi asibitin ido. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta auna, ta haska, ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ina tsaye a baya ina ganin ɗigon na walƙawa, hannun Baba na kan maɓallin bai motsa ba. Da aka gama ta ce hawan jinin ido ne, yana kashe jijiyar gani a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ta ce abin da ya mutu ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ragowar da maganin ɗigawa. Sai ta tambaya yaushe ya fara ganin gefe na duhu. Auta ta faɗa mata. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Da a lokacin kuka zo, da maganin nan kaɗai ya isa ya riƙe masa da yawa." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma zagina ta yi.

Ihu bayan hari muka yi ta yi daga nan. Magani safe da yamma, komawa asibiti duk wata, rubutu da tofi daga wajen abokansa na masallaci. Ragowar ma ba ta tsaya ba, tana raguwa kaɗan-kaɗan. Yanzu da lalube yake zuwa masallacin ƙofar gida, hannu a jikin katanga. Mutumin da ke faɗa kan komai ya zama shiru-shiru. Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya, ya durƙusa ya kasa haɗa gaisuwa, ya tashi ya fita yana share fuska da hula. Ni kuwa na ɗora wa kaina ɗiga maganin yamma, kullum in na taso daga ofis sai na biya. Shi ne karo na farko a rayuwata da na taɓa fuskar ubana.

Wata Laraba na zo na tarar Inna ta tafi barka maƙwabta. Mu biyu ne kawai a gidan, babu wanda zai ɗauki magana daga bakinsa ya kawo min. Na wanke hannu, na ɗaga haɓarsa, na buɗe fatar idon na ɗiga. Ya rufe ido, maganin na gangarowa ta kumatunsa. Ina rufe kwalbar sai na ji ya ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ta farkon nan da ka kawo. 'Yar Koriya. Kai ka ga duhu a gefenta?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce, "A'a, Baba."

"Lafiyarta lau?"

"Lafiya lau."

"Tun a ranar ka gani?"

"Tun a ranar."

Idonsa na nan a rufe. Na durƙusa a gabansa ina jira. Na ƙagu ya zage ni. Na ƙagu ya ce na cuce shi, ya ɗaga sandar nan ya sauke min a ka, ko na samu abin da zan riƙe in ce an hukunta ni. Sai ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya samu kaina, ya dafa.

"Ka ga abu da idonka, amma ka ƙi ƙaryata ubanka," ya ce. "Haka muka tarbiyyantar da kai. Kai yaro ne mai kunya. Allah ya yi maka albarka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, babu gatse a ciki ko kaɗan, kuma shi ya sa har yau ban warke ba. Hannunsa na kaina, yana fuskantar bango ɗan nesa da inda nake, yana jira in amsa. Na ce amin.